Musayar Waƙa: Tsakanin Fim da Waƙarsa, Wa Ke Goyon Wa?

Dattijon Fagge:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Abin da nake so mu yi musaya a kansa a wannan mako shi ne waƙoƙin da fim ya haifa, ko kuma ya fito da su daga ɓoye har duniya ta san da zamansu. Ra'ayina shi ne yawancin waƙoƙin da muke yi wa kallon gagarabadau ba za su kai inda suka kai ba da ba a ɗora su a kan labari ba. Zan kafa hujja da fim ɗin Titanic na darakta James Cameron, na shekarar 1997, wanda ya lashe kyautar Oscar 11, ɗaya daga cikinsu kuwa ta waƙar "My Heart Will Go On" ce. Na zaɓi ƙwar biyu, amsa-amona kuma "wa" ne. Wanda ya so ya bi ni, wanda ya so ya sauya, amma kowa ya zo da hujjarsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ne Gwani mai iya tsarawa.

Salati ga Manzo nake ƙarawa,
Sannan na juyo ga tattaunawa.

Tambayata ga masu rerawa:
Waƙa da fim, wa ke goyon wa?

Ni dai a iya abin da nake ganewa,
Fim ne uwa, mai goyo da shayarwa.

Ku dubi labarin jirgin nutsewa,
Wanda Cameron ya daɗe yana shiryawa.

Shi da kansa da fari ya ƙi amincewa
A sa wa fim ɗinsa waƙar rufewa.

Sai makaɗin fim ɗin, James Horner, ya bi ta lallaɓawa,
Ya kai wa Celine Dion don gwadawa.

Suka naɗi murya babu sanarwa,
Ya adana yana jiran dacewa.

Ran da ya ga fuskar darakta na sakewa,
Ya kunna masa, ya ji, ya yi sallamawa.

Da babu Jack a ruwa yana daskarewa,
Da Rose a kan katako tana tsirawa,

Da wa zai ji busar wannan sarewa
Hawaye su zubo masa ba tsayawa?

Malama 'Yar Zazzau:

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara girma. Misalinka ya zauna daram, domin waccan waƙa don fim ɗin aka yi ta, daga kiɗan fim ɗin ma aka zaro ta. Sai dai hukuncin da ka yanke ya fi misalin faɗi. Waƙar "I Will Always Love You", wadda mutane da yawa ke zaton an yi ta ne don fim ɗin The Bodyguard na 1992, inda Whitney Houston ta rera ta, Dolly Parton ce ta rubuta ta a 1973, ta kuma fitar da ita a 1974. Ita kuwa "Unchained Melody" an yi ta ne don wani fim na fursunoni na 1955. Na sauya zuwa ƙwar huɗu, babban amsa-amona "ba" ne, tunda musu na zo yi cikin ladabi.

Baba na Fagge, ina gaisuwa,
Na ji bayaninka mai gamsarwa,
Sai dai akwai wurin gyarawa,
Ba kowace waƙa fim ya haifa ba.

Dolly Parton, mawaƙiyar karkara,
Ita ta rubuta, ita ta fara,
Lokacin Whitney na cikin yara,
Ba ta san wata rana za ta rera ba.

Ban kwana ce ga abokin aiki,
Porter Wagoner, a rabu da kirki,
Ta kai ƙoli a fagenta, ba mamaki,
Ba ta jira majigi ya ɗaga ta ba.

Ga kuma wancan fim na gidan kaso,
Wanda a yau ba mai nema ko so,
Waƙar da ke cikinsa ce ta taso,
Ta bar shi a baya, bai biyo ta ba.

In har goyo ne, ya sauka tuni,
Ya ratsa ƙauye, ya shiga birni,
Uwar ta ɓace a cikin zamani,
Ko labarinta ba a riƙe ba.

Dattijon Fagge:

Madalla da ke, 'yata. Amma shaidun da kika kira nawa ne, bari ki ji abin da za su faɗa idan aka bar su suka ƙarasa magana.

'Yata, hujjarki ta yi burgewa,
Sai dai gare ni take dawowa.

Waƙar Dolly ta yi suna, ba musantawa,
Amma a fagen kiɗan karkara take zagawa.

Kevin Costner, jarumin Bodyguard, ne ya nace wa zaɓowa,
Ya ce a bar muryar ta fara fitowa,

Ba ganga, ba jita, ba sarewa,
Sai can kiɗa ya biyo ta da shigowa.

Mako 14 ba mai turewa,
A Amurka ita ke gaba da kowa.

Ta gidan kason da kike ambatawa,
Wani fim ɗin ne ya sake tayarwa.

Ghost ne a 1990 ya yi ɗaukowa,
Matasa suka ji ta kamar sabuwa.

Ko jarumi Stallone, da mawaƙan Queen suka ƙi sahalewa,
Mawaƙan Survivor ya nema suka yi rubutawa,

"Eye of the Tiger" ke nan, ta damben dokewa,
Da babu Rocky III da babu haifuwa.

Ɗan Damagaram:

Malam da Malama, ina neman izinin shiga tsakani. Kun tsaya a Amurka, alhali ƙasar da wannan magana ta fi ƙarfi ita ce Indiya, inda tun fim mai magana na farko, Alam Ara na 1931, wanda ya zo da waƙoƙi bakwai, waƙar da jama'a ke so da waƙar fim suka zama kusan abu ɗaya. Kuma a ganina ku biyun kun bar mutum na uku a waje, wato mai muryar da ake ɓoyewa a bayan leɓen jaruma. Fim ɗin Mahal na 1949 ya isa misali, domin waƙarsa "Aayega Aanewala" ce ta fito da Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, amma a jikin faifan garmaho ba sunanta aka rubuta ba. Zan fara da tahamisin baitin Malam, sannan in koma kan "ya".

Na ga dattijo da 'yarsa suna fafatawa,
Kowa da shaidunsa yake gabatarwa,
Sun manta mai murya da ake sakayawa,
"Tambayata ga masu rerawa:
Waƙa da fim, wa ke goyon wa?"

Malam da Malama, ku ba ni hanya,
In kai ku Bambai ta ƙasar Indiya.

Can ba a raba hoto da murya,
Tun Alam Ara tare suke tafiya.

Jaruma ke rawa a idon duniya,
Mai waƙar na can a ɗaki a baya.

Mahal ya fito aka kama tambaya:
Wace ce wannan mai zaƙin murya?

Madhubala ce a allo da kwalliya,
Amma kowa ya san aro ne a wuya.

Faifai ya ce Kamini, ai ƙarya,
Sunan cikin wasa ne, ba na gaskiya.

Wasiƙu suka yi ta zuwa ba gajiya,
Gidan rediyo ya rasa wurin ɓuya,

Har sai da ya ce Lata ce, yarinya,
Daga ranar ta zama sarauniya.

Fim ya fito da ita, wannan gaskiya,
Amma shi ne da fari ya sa ta a baya.

Dattijon Fagge:

Ɗan Damagaram, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mu da muka tashi a kusa da silimomin Wapa da Plaza da Orion na Kano mun ga yadda wannan abu yake aiki a kan mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta harshen Hindi. Silima ba rufi, ana zaune a kan benci ana kallon taurari a sama da kuma a allo, da zarar waƙa ta taso sai jama'a su ɗauka baki ɗaya, kowa da irin kalmomin da kunnensa ya ba shi. Daga baya masu begen Annabi da bandiri a Kano, irin su Ushaƙu Indiya, suka ɗauki karin waɗannan waƙoƙi suka zuba musu baitocin yabo da Hausa.

A silima marar rufi muke taruwa,
Muryar mawaƙi Rafi ta tashi, mu yi amsawa.

Ba mu san me yake cewa ba, ba damuwa,
Fuskar jarumin ce ke fassarawa.

In ya yi kuka mun san an yi rabuwa,
In ya yi tsalle mun san an yi daidaitawa.

Wannan kaɗai ya ishe ni kafawa:
Hoto ne ya kai waƙar ga Hausawa.

Mai Fiyano:

Baba, Malama, Yaya na Damagaram, ina gaishe ku da girmamawa. Ni ƙarami ne a cikinku, amma aikina ke nan, a situdiyo nake wuni. A Kano lissafin ya juye. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya buɗe ƙofar fim ɗin bidiyo a 1990, amma kasuwa ba ta yi irin tashin da ta yi ba sai wajen shekarar 2000, lokacin da Sangaya ya fito da Ali Nuhu da Fati Muhammad, waƙarsa ta cika gidajen biki da shagunan kaset. Magabatanmu a wannan sana'a sun sha ba mu labarin yadda daga nan furodusa kan fara zuwa wurin mai fiyano kafin ya je wurin marubuci, a buga waƙa, a ɗauki hotonta, a saka ta a matsayin talla a farkon kaset ɗin wani fim, sannan a zauna a ga yadda 'yan kasuwar Ƙofar Wambai za su karɓe ta.

Baba, a nan Kano zancen ya bambanta,
Waƙa ake fara bugawa a gyara ta,
Labarin fim daga baya a rubuta,
A yanka shi daidai da tsawon rigarta.

Yamaha guda ce a ɗaki da shimfiɗa,
Ita ce kalangu, ita ce mai kiɗa,
Namiji ya rera, mace ta mayar da faɗa,
A ɗauka a sake har murya ta daidaita.

Dila a Wambai ba ya tambayar jigo,
Ko wa ya mutu, ko wa ya zama ango,
Waƙa nawa ce, kuma wa ya yi zugo,
Ita ce tambayar da ke sa ya saya ta.

Sangaya da yawa sun manta zubinsa,
Wa ya so wa, da yadda aka ƙarasa,
Amma a taɓa fiyano da amonsa,
Uwar gida a kicin za ta amsa ta.

Malama 'Yar Zazzau:

Ƙanena Mai Fiyano, Allah ya yi maka albarka, ka kawo mini gudummawa daga inda ban zata ba. Ina ƙara wa maganar Ɗan Damagaram cewa ɓoye mai murya mu ma mun gaje shi, domin shekaru da dama jarumai ke mamin, wato motsa baki a kan waƙar wani, mawaƙa irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Fati Nijar, 'yar Maraɗi, suna bayan fage. Daga baya mawaƙan suka fito da fuskokinsu, har Umar M. Shareef ya zama jarumin fim ɗin Mansoor a 2017. Sannan a 2020, lokacin kullen korona, "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta mamaye ko'ina ba tare da wani fim ya ɗauko ta ba.

Baba, ka ji daga bakin mai sana'a,
Waƙa ke jan fim zuwa ga jama'a,
Ita ke kawo ciniki da sa'a,
Ba don ita ba da kaset bai ƙare ba.

Masu murya sun gaji da zaman labule,
Sun fito fili, an san su a zahiri tule,
Jaruma ta zo ana cikin kulle,
Ba ta nemi darakta ya sa ta ba.

Mata suka yi ta rawa gaban mazansu,
Suna ɗauka da wayoyin hannunsu,
Malamai na faɗa, wasu na yabonsu,
Duk wannan ba a silima aka yi ba.

Dattijon Fagge:

Na karɓi batun Kano, domin mai ɗaki ya fi kowa sanin inda yake yoyo. Amma game da "Jaruma" ina da sauran magana.

'Yata, ki sake duban masu takawa,
Me suke yi in ba mamin ba, da juyawa?

Mace na motsa baki, miji na kallo da murmusawa,
Wannan tsari a fim suka yi koyowa.

Sunan waƙar ma da ake kirawa,
Daga bakin 'yan fim ya yi yaɗuwa.

Allon ne ya ƙanƙance har ya shige aljihu da zamewa,
Amma hoto da waƙa ba su yi rabuwa.

Mai Fiyano:

Baba, a kan wannan ba zan yi maka musu ba, sai dai in faɗa maka abin da ake tambayata yanzu idan an shigo situdiyo, domin ya sha bamban da abin da ake tambayar magabatana.

Da can a ce mini wane fim za ta shiga,
Wace jaruma ce za ta sa mata riga,
Yau kuwa yaro da ya leƙo ta taga,
Amshi yake so a fara kawo masa.

Ya ce kar a ja kiɗa a farkon shiga,
Mai waya ba ya jira, zai yi gaba ya tsallaka,
A ba shi gaɓar da 'yan TikTok za su ɗauka,
Su hau ta da safe, kafin dare ta isa Agadas.

Yaya na Damagaram, tunda na ambaci ƙasarku, kuma na karya amsa-amona saboda ita, sai ka gaya mana ko a wurinku ma ta waya waƙoƙin Kano ke fara isa yanzu, ko har yau akwai masu jiran su gan su a cikin fim tukuna.