Jan ruwan inabi marar barasa: da wane abinci ya fi karɓuwa?

Uwargida daga Kaduna: Assalamu alaikum. Ranar sunan jikata na sayi kwalba shida ta jan ruwan inabi mai gas, irin mai santilita 75 da ake samu da rahusa a manyan kantuna, na jera shi tare da alkaki da dubulan da cincin. Da baƙi suka watse sai na tarar da yawancin kofunan rabi aka sha aka bari. Ina so in ji yadda wasu suka yi da shi, domin ban gane inda na kuskure ba.

Mai girkin biki daga Kano: Hajiya, a ganina matsalar a haɗin take. Wannan abin sha zaƙi ne da shi sosai, kuma idan ya haɗu da alkakin da ya sha suga sai ya gundure mutum tun kurɓar farko. Ni da gasasshen naman rago nake bayar da shi, wanda ya ji gishiri da albasa, maiƙo na naso a jikin takarda. Fatar inabin ce take ba shi launin ja da ɗan bauri irin na goro, kuma wannan baurin da tsamin su ne suke wanke maiƙon daga baki har mutum ya sake kai hannu. Da dambun nama ma yana tafiya, amma da waina da miyar taushe ban ga amfaninsa ba, zoɓo ya fi shi.

Ɗalibi a Ingila: Iyayena, a riƙa karanta jikin kwalba, domin iri biyu ne. Akwai ruwan inabin da ba a bar shi ya zama giya ba tun farko, gas kawai aka saka masa, kamar Eva da ake yi a Sifen da Chamdor na Afirka ta Kudu. Akwai kuma wanda giya aka fara yi sannan aka cire barasar, wanda ragowarta kan kai kashi 0.5 cikin ɗari. Ni dai na farkon nake saye, na biyun kuwa kowa ya tambayi malaminsa.

Direba daga Jos: Ni da kilishi na gwada, kuma ban ji da daɗi ba, domin gas ɗin ya ƙara wa yajin ƙarfi har hawaye suka zubo mini, da tsire mai ƙuli da yawa da barkono kaɗan ya fi sauƙi. Sannan a sanyaya shi kafin a buɗe. Na taɓa barin kwalba ta wuni a bayan mota, ina warware wayar da ta riƙe murfin sai ya yi tsalle, kumfa ta wanke mini farar shaddar Sallah, kuma har yau tabon yana nan a aljihun gaba.