Musayar Waƙa: Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, Namu Ne Ko Na Soja?

Ɗan Kurmi:
Bismillahi. Mai amsa ya fito fili.

Kundinmu ya ce wai mu jama'a
Muka zauna muka tsara shi.
Wa ya kira mu, a ina muka taru?
Dokar soja ta haife shi.
Abdulsalami ne ya sa hannu,
Ƙarshen Mayu ya miƙa shi.
Ɗan da ba ka raɗa wa suna ba,
Yaya za ka ce ka haife shi?

Bazazzagiya:
Ɗan Kurmi, kai ka gaji ƙuri'a,
Shi ya sa ba ka san zafinta ba.
Zaɓen 1959 ya zo ya wuce,
Matan Arewa ba a tambaye su ba.
Gambo Sawaba ta sha ɗauri,
An aske ta, ba ta ja baya ba.
A 1979 muka bi layi,
Kundin da ka raina bai kore mu ba.
Na yau ɗin ɗa ne gun na wancan,
Babi na huɗu na 'yanci bai bar ni baya ba.

Na-Tudun Wada:
Allah ya ja zamaninki, Hajiya! Zariya ba a zo mata da wasa. Ɗan Kurmi, a sha ruwa tukuna.

Sarkin Yaƙin Fagge:
Kai Na-Tudun Wada, Gambon da kuke taƙama da ita a wace jam'iyya ta yi gwagwarmaya? NEPU. A ina aka kafa NEPU a 1950? Kano. To a rage guɗa.

Ɗan Kurmi:
Yaya, na ji, na kuma girmama Gambo,
Amma buɗe babi na biyu ki gani.
Ilimi kyauta, tsaro da walwala,
An jera su kamar kayan gani.
Je kotu ki ce a ba ki su yanzu,
Sashe na shida ya ce ba hurumi.
Bala Usman a kwamitin kundi ya ƙi bin rinjaye
Tun 1976, shi da Osoba, ki sani.

Malam Mai Aruli:
Assalamu alaikum. Ɗan Kurmi, ka fara amsa-amo da "ni", ka faɗa "mi" a hurumi. Kuma ka rufe da "gani" sau biyu. Ke ma Hajiya, ɗangon 1959 in aka karanta shekarar a baki ya fi sauran tsawo ninki biyu. Wane kari ne wannan?

Bazazzagiya:
Malam, shekarar da aka hana uwata zaɓe ba zan yanke ta don ta shiga ma'auni ba.

Malam Mai Aruli:
Ba a ce ki yanke ba. A ce "gab da 'yancin kai", ma'ana ta fito, kari ya zauna. Magabata sun yi waƙar siyasa ba su karya ɗango ba.

Sarkin Yaƙin Fagge:
Malam ya ga na Zariya ya yi laushi, na Kano ya fara da shi. Mun gani.

Malam Mai Aruli:
Wanda ya fi karyawa na fara da shi.

Ɗan Damagaram:
Ku yi haƙuri, sai yau na iso.

Kuna faɗa kan wa ya rubuta,
Mu mun ga ranar da aka yaga ta.
Tandja ya so tazarce a 2009,
Majalisa ta ƙi, ya rushe ta.
Kotun tsarin mulki ta ce a'a,
Ita ma bai bar ta ba, ya kore ta.
Ku naku dattawan a 2006
Sun hana Obasanjo zango na uku, kun manta?
Ɗan Kurmi, kundin da kake zagi
Ranar ya tare ƙofa, ya kulle ta.

Ɗan Kurmi:
Ɗan'uwa, sanatoci ne suka tsaya, ba takarda ba. Amsarka na nan tafe bayan Isha'i, kuma da "ta" zan bi ka har ƙarshe. Malam ya shirya ma'auninsa.