Muhawara: wai haramun ne a sa "s" a kalmar da ƙamus ya yi wa [U]?

Mai Alli: Jama'a, abin ya ishe ni. Ɗalibi mai shirin WAEC, ga ƙamus a jaka, amma ya rubuta "informations", "furnitures", "advices". Ga [U] nan ɓaro-ɓaro kusa da kalmar, wato suna ne marar ƙirguwa: ba ya ɗaukar "a" ko "an", ba ya jam'i. In guda kake so, sai ka ce "a piece of advice". Haka [T] da ke jikin "discuss": aikatau ne so-karɓau, karɓau ke bin sa kai tsaye, babu wani "about" a tsakani. Yaranmu ma'ana kawai suke dubawa su rufe. Duk kalmar da aka yi wa [U], haramun ne a sa mata "s".

Ustaz: Haramun? Malam, ka janye wannan. Halal da haram ba hurumin masu ƙamus ba ne.

Ɗan Gusau: Ko a nahawun ma maganar ba ta zauna ba. Alamar ma'ana take bi, ba kalma ba, shi ya sa ake sa ta bayan lambar ma'ana. "Paper" [U] takarda ce, amma in jarida ce ko takardar jarrabawa [C] ce, wato mai ƙirguwa, ana cewa "papers". "Damage" ɓarna ce, "damages" kuma diyyar da kotu ke yankewa. Ga "news" da "s" a jiki, [U] ce, "is" take ɗauka.

Mai Alli: Ni "advice" na ce, ban ce "paper" ba.

Ɗan Gusau: "Duk kalmar" ka ce, yallaɓai. Yana nan a sama.

Ƴar Zariya: Ustaz, da aka ce gwamnati ta haramta acaba, fatawa aka bayar?

Ustaz: Hajiya, "haramta" daban, "haramun" daban. Wanda ya yi karatun zaure ya sani.

Ƴar Zariya: To mu da ba mu yi ba sai mu bar Hausar kenan.

Sabon Ɗalibi: Don Allah malamai, "sb" da "sth" fa?

Malamar Turanci: Rikicin nan duk na masu Oxford ne. Ƙamus ɗin COBUILD ya raba gardama: N-COUNT ga mai ƙirguwa, N-UNCOUNT ga marar ƙirguwa, sai N-VAR ga sunan da ke cin tudu biyu. Babu mai ruɗewa.

Kawu: Ƴata, yi a hankali. Oxford ɗin Hornby, wato ƙamus na ɗalibai, tun 1948 take koyar da duniya. Ita ke nuna maka ginin jimla: alamar ~ tana tsaye a madadin kalmar, "sb" mutum, "sth" abu. Ka ga "~ sth to sb" a ƙarƙashin "explain", ka san "explain me" ba ta shiga.

Malamar Turanci: Kawu, ita ce dai mai lambobin aikatau irin VP6A a tsohon bugu, sai ka koma farkon littafi ka nemo fassarar lambar kafin ka gane aikatau ɗaya.

Kawu: Waɗanda suka koya da ita ba su rubuta "furnitures" ba.

Ɗan Gusau: Oxford ɗin ma a 2020 ta shigar da "okada" da "Kannywood". Harshe tafiya yake yi.

Mai Alli: Wancan babban ƙamus ne na tarihin kalmomi, ba na ɗalibai ba. Je ka faɗa wa mai makin WAEC haka, jan biro zai ba ka amsa.

Ustaz: Har yanzu dai ba a janye ba.

Shugaban zaure: To, mu taƙaita. An tabbatar Malam Mai Alli na da gaskiya a kan "advice", kuma Oxford ce abin dogaro kamar yadda Kawu ya fayyace.  Batun COBUILD ra'ayin mutum ɗaya ne. Ustaz da Hajiya ku ƙarasa taku a gefe, za a rufe nan bayan isha'i.