Abin da aka tattauna kan zuwa Zanzibar

Jama'a, game da tafiya Zanzibar, tsibirin da ke ƙasar Tanzaniya, ga abin da na tattaro daga shawarwarin 'yan'uwa na nan Gombe:

1. Kowa ya yarda a nemi bizar Tanzaniya da wuri, ta ɗan Najeriya kan ɗauki lokaci. A riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara.
2. A guji Maris zuwa Mayu, damina ce mai ƙarfi.
3. A tashi daga Abuja, a bi ta Addis Ababa.
4. Nan aka rabu, kan yadda za a ƙarasa tsibirin. Wasu sun ce a shiga jirgin ruwa daga Darussalam, birnin da ke bakin teku a Tanzaniya, kamar awa 2 ne. Wasu sun ce wanda bai saba da teku ba zai sha jiri da amai, gara ya bi ta sama. Ni ma haka na gani, musamman mai tafiya da yara. Igiyar teku ba irin ruwan madatsarmu ta Dadin Kowa ba ce.
5. Masallaci da abincin halal ba matsala, galibin mutanen tsibirin Musulmi ne.