Na zuba wa alƙalamin Japan tawadar allo, ya toshe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu harka da alƙalami mai shan tawada, ku taimaka mini da shawara.

Watan jiya aka kawo mini guda biyu daga Japan, Platinum 3776 da Pilot Custom 74, dukkansu masu bakin zinare 14K. Na Pilot ɗin ya fi shiga raina, siririn bakinsa na tafiya a takarda sumul. Sai karambani ya ja ni na cika shi da tawadar allo, wai in ga yadda ajami zai fito. Ranar farko ya yi kyau. Da ya kwana uku a aljihun tebur, ko ɗigo ya ƙi fitowa. Ashe ƙaron da ke cikin tawadar ne ya daskare a hanyar da take bi. Laifina ne, na sani.

Na jiƙa bakin a ruwan sanyi kwana biyu, na yi ta zuƙa ina fesarwa da CON-70 ɗinsa, wato 'yar na'urar da ke zuƙo tawada ta adana a cikin alƙalamin. Ruwan yana fita fes, amma rubutu sai ya yi layi ɗaya ya yanke.

Ruwan ɗumi zai ɓata robar alƙalamin? Ko in zare bakin in wanke ciki? Tsorona kar in lanƙwasa shi. Wanda ya taɓa kwance irinsa, yaya ya yi?