Laftof ɗin da kullum yake jone da caja: me ya samu batirinku?

Akawun Sharaɗa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu da rabi ke nan da na sayi laftof sabo fil a kwali. Aikina lissafin kuɗi ne, kuma a ofishinmu akwai sola, don haka daga ƙarfe takwas na safe har biyar na yamma yana kan tebur a jone da caja, ban cika ɗauke shi ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na tafi da shi gida don in ƙarasa albashin ma'aikata, aka ɗauke wuta, ko minti hamsin bai yi ba ya mutu. Da yana sabo yakan kai awa biyar. Abin ya dame ni, domin ni a tunanina tanadin batirin nake yi tunda ba na wahalar da shi. Don Allah duk wanda ya taɓa barin nasa a jone na tsawon lokaci ya gaya mana abin da ya gani.

Mai Gyara, Beirut Road

Wa alaikumus salam Malam Akawu. Irin wannan ƙorafin ba ya wuce mako ban ji shi a shago ba. Kafin komai, in Windows kake amfani da shi, buɗe Command Prompt, wato baƙin shafin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar maka da rahoto. Ka nemi layi biyu: Design Capacity, wato ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka yanzu. Ka kawo mana lambobin.

Mutane suna cewa caji ne yake yi wa batir yawa har ya ƙone. Ba haka ba ne. Laftof na zamani da zarar ya cika yana yanke cajin da kansa, ya koma shan wuta kai tsaye daga caja. Matsalar tana wajen zaman da batirin yake yi a cike maƙil. Batirin litiyom, kowace ƙwaya a cikinsa tana kai wajen bolt 4.2 idan ta cika, kuma a wannan matsayin sinadaran ciki suke fi saurin lalacewa ko da ba ka taɓa shi ba. Ka haɗa da zafi, sai abin ya ninka. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa zafin da ya haura digiri 35 yana iya yi wa batir illar da ba ta gyaruwa. To ka tuna Kano a watan Afrilu, waje ya haura 40, laftof yana aiki yana fitar da nasa zafin, batir kuma yana kwance a ƙarƙashin kibod a ɗari bisa ɗari tun safe.

Ɗalibar Samaru

Ni nawa kumbura ya yi. Lokacin da nake rubuta furojet na wata huɗu ban cire caja ba sai in an ɗauke wuta, kuma a kan katifa nake ɗora shi, ban san ina toshe masa kafar iska ba. Da farko wurin da ake goga yatsa ne ya daina dannuwa. Daga baya na lura in na ajiye shi a tebur yana rawa, ƙasansa ya yi tozo, murfin kuma ba ya rufuwa daidai. Da mai gyara ya kwance shi, batirin ya tashi kamar burodi, ledar jikinsa ta yi tam. Ya ce kada in kuskura in huda shi ko in jefa a bola inda ake cinna wuta. Na tsorata sosai, domin da shi nake kwana a gefen filo.

Mai Gyara, Beirut Road

Allah ya tsare, ƙanwata. Iskar gas ce take taruwa a ciki. Duk wanda ya ga nasa ya fara haka ya daina caji a ranar, ya kai a cire.

Baban Khalifa

Ni kuwa akasin naku na yi, kuma ban tsira ba. Tun zamanin wayoyin farko aka koya mana cewa sai batir ya ƙare ƙaf sannan a sa caji, in ba haka ba zai saba da rabi. Da wannan ilimin na shiga harkar laftof. Kullum sai na bari ya mutu da kansa, sannan in jona har ya cika, in cire. Wani lokaci sau biyu a rana. Shekara ɗaya da 'yan watanni batirin ya gaji. Ɗana da ke karatun injiniya ne ya fahimtar da ni cewa waccan dokar ta tsofaffin batiran nikel ce, shi litiyom ƙarar da shi zuwa sifiri kullum cutar da shi ne.

Hajiyar Kafe

Baban Khalifa, ka tuna min da nawa kuskuren. Ina da shagon buga takardu da rajistar jarrabawa. Akwai tsofaffin laftof guda biyu irin waɗanda batirinsu ke zarewa ta baya. Wani ya ba ni shawara in cire batiran in adana tunda kullum a jone suke. Na cire na zuba a durowa ba tare da na duba cajinsu ba. Abu biyu suka same ni. Na farko, duk lokacin da janareta ya yi tari sai laftof ya mutu nan take, yarinyata tana tsakiyar cike wa mutum fom sai a koma farko, mai fom yana tsaye yana jira. Na biyu, bayan wajen shekara da na ɗauko batiran, ɗaya ya ƙi karɓar caji kwata-kwata. Ashe in za a ajiye batir, a rabin caji ake ajiye shi a wuri mai sanyi, kuma a riƙa leƙa shi bayan 'yan watanni.

Malamin Zane

Bari in kawo muku labari mai daɗi. Nawa Lenovo ne, ya shiga shekara ta biyar, kuma aikin zanen gine-gine nake yi da shi, aikin da ke sa fanka ta yi ta kuka. Tun makon farko na kunna Conservation Mode a cikin manhajar Lenovo Vantage. A nawa caji yana tsayawa a wajen kashi 60, komai daɗewarsa a jone ba ya wucewa. Na kuma sa masa ƙafa ta katako da kafinta ya yi min don iska ta riƙa ratsa ƙasansa. Da na duba rahoton batir watan jiya, sama da kashi 85 na ƙarfinsa na asali yana nan.

Sauran kamfanoni ma suna da irinsa. ASUS a cikin manhajar MyASUS, a wasu laftof ɗinsu za ka zaɓi 100 ko 80 ko 60. Dell suna da zaɓin Primarily AC Use, na laftof ɗin da galibi yake jone da caja. HP a laftof ɗinsu na ofis abin yana cikin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga lokacin kunna laftof kafin Windows ya tashi, ana ce masa Battery Health Manager, yana iya tsayar da caji a 80. MacBook kuma tun 2020 yana lura da yadda kake amfani da shi ya riƙe cajin a 80 har sai lokacin da ya ga za ka buƙata.

Ɗan Maraɗi

Malam, shawararka mai kyau ce ga wanda wutarsa ba ta yankewa. Ni na kunna wannan tsarin, ina jin daɗinsa, sai ga watan Agusta na 2023 da aka yanke wutar da ke shigo mana daga Najeriya. Wuta ta koma zuwa na 'yan awoyi, ba ka san lokacin zuwanta ba balle na tafiyarta. Kashi 60 ba ya kai ni ko'ina. Ina fassara takardu ne, wanda ya ba ni aiki ba ruwansa da lafiyar batirina, ranar da ya ce ita yake so. Dole na kashe tsarin na koma cikawa maƙil duk sanda wuta ta leƙo. Na san ina rage masa kwana, amma da batir ya daɗe ni kuma aiki ya kuɓuce min, gara in sayi wani bayan shekara biyu. Abin da kawai na kiyaye shi ne zafi. Da rana tsaka ba na caji a ɗakin kwano, sai na fito zaure.

Malamin Zane

Gaskiyarka ɗan'uwa, ban musa ba. Ni ma ranar da zan je wurin gini nakan kashe tsarin tun dare batirin ya cika. Wanda ya fi buƙatar tsarin shi ne irin Malam Akawu, mai sola a ofis wanda laftof ɗinsa ba ya motsawa daga tebur.

Akawun Sharaɗa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Oga mai gyara, na yi abin da ka ce. Na farko ya nuna 51,000 da 'yan kai, na biyu 19,400. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne layin Cycle Count, wato sau nawa batirin ya yi cikakken zagayen cika da ƙarewa, 74 kacal ya rubuta a shekara biyu da rabi. Kuma yanzu na tuna tebur ɗina yana jikin taga ta yamma, daga azahar rana take dukan laftof ɗin har mu tashi, in ka taɓa murfinsa kamar an sauke tukunya. Shin akwai dabarar da za ta dawo da abin da ya tafi?

Mai Gyara, Beirut Road

Babu, Malam. Ƙarfin da ya tafi ya tafi. Akwai abin da ake yi, a cika shi, a bar shi ya sauka ƙasa sosai, a sake cikawa ba yankewa, amma wannan ma'aunin kashi kawai yake daidaitawa don kada ya riƙa nuna 30 ya mutu. Lambobinka sun nuna sabon batir kake buƙata. In ka je saye ka tafi da laftof ɗin, a sa a gabanka, ka sake fitar da rahoton nan kafin ka biya, domin akwai waɗanda ake liƙa wa sabuwar takarda alhali sun daɗe a ajiye ko an ciro su daga wani laftof. Lambobin biyu su zama kusa da juna. Ranar da aka sa shi ka tsayar da caji a 80, ka kuma ja tebur ɗin daga jikin tagar.

Akawun Sharaɗa

Tebur kam na riga na matsar da shi yau da safe. Ranar Asabar in sha Allahu zan shigo kasuwa da laftof ɗin.