An ce falle mai milimita 4 ne, amma gaban robar kare haƙoran ya fito shara-shara

Uban ɗan dambe, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Yarona ɗan shekara 16 yana atisayen damben zamani a filin wasa na Ahmadu Bello. Bara leɓensa ya fashe yana sanye da robar kare haƙora ta kasuwa, irin wadda ake tsomawa a ruwan zafi a cije. Sai na ce a yi masa ta awo. Aka ɗauki awon bakinsa, aka ce da falle mai kaurin milimita 4 za a yi, na biya ba ciniki. Da muka karɓo, wajen matauna da kaurinta, amma daidai bakin haƙoran gaba, inda naushi yake sauka, in ka ɗaga ta a rana har yatsanka kake hangowa. Na koma, aka ce mini haka take fitowa. Wallahi hankalina bai kwanta ba. Masu sani, an cuce ni ne ko haka aikin yake?

Mai haɗa haƙora, Barnawa:

Wa alaikumus salam Baba. Wannan milimita 4 kaurin fallen ne kafin ya ga wuta. Wata irin roba ce da ake kira EVA, ana gasa ta har ta yi laushi, sannan a janyo ta kan samfurin haƙoran yaron da aka zuba da filasta. Kamar ƙullin alkaki ne in ana ja, duk inda ya fi miƙewa nan ya fi sirancewa, kuma ba inda ya kai kaifin haƙoran gaba miƙewa. Tana iya rasa kusan rabin kaurinta a nan. Raguwa dole ce, amma shara-shara da sakacin hannu a ciki.

Abin da na fi gani shi ne a bar gindin samfurin da tsawo. Ƙyuyar yanke shi kawai. Samfuri mai tudu yana sa robar ta yi doguwar tafiya kafin ta sauka ƙasa, sai ta ƙare a hanya. Ni nakan rage gindin sosai, in ɗan karkata shi yadda fuskar haƙoran gaba za ta kalli robar. Sai kuma gasa robar. Muna lura da yadda tsakiyar fallen ke lotsawa ƙasa, in ya kai wajen milimita 15 sai a sauke. Ka juya ka amsa waya, ya zarce, shi ke nan ya tsinke tun kafin ya taɓa samfurin.

Abin da ake nema a fuskar haƙoran gaba bayan an gama shi ne wajen milimita 3 zuwa 4.

'Yar ɗakin haɗa haƙora, Kawo:

Gaskiya ne Yaya, amma ka manta da inji. Yawancinmu mai zuƙe iska muke da shi, falle ɗaya yake iya yi da kyau. Ɗan dambe kuwa falle biyu ya kamata a liƙa masa ɗaya bisa ɗaya, kuma mai matsa iska daga sama ne ke haɗa su su kama sosai. Sannan a bar filastar ta bushe ƙayau. Mai danshi tana hana robar kwanciya, ta fito tana lilo a baki.

Baba, kada kuma a zarce. In ta yi kauri da yawa yaron zai kasa numfashi da magana, ya riƙa tofar da ita a tsakiyar zagaye.

Uban ɗan dambe, Tudun Wada:

Allah ya yi muku albarka. To me zan ce musu in na koma?

Mai haɗa haƙora, Barnawa:

Ka ce su sa ma'aunin kauri a gaban idonka, a fuskar haƙoran gaba da kuma bakinsu, su faɗa maka lambar. In ba ta kai ba, a sake ta da falle biyu. Ka tambaya ko samfurin yana nan, in sun ajiye ba sai an sake awon baki ba. Kafin nan, Baba, don Allah ya tsaya ga dukan buhu da tsallen igiya, kada ya shiga da abokin karawa.